Lissafin Lambun Daberam

Gambo Na-Zango ya zo da hantsi,
ya jingine babur a jikin darni,
ya ɗaga kai yana duban mangwarona
kamar manomi mai duban hadari.
Fure ne kawai, ko ƙwallo bai ɗaura ba.
Ya ce, "Nomau, sayar mini da su a tsaye.
Itace goma sha ɗaya, kuɗi a hannu,
iska tawa, jemage nawa, asara tawa."

Na ce ya bari in kwana da maganar.

Bayan isha Turai ta ɗauko littafinta,
wanda ta tsaga shafinsa biyu da biro,
nan abin da ya shigo, nan abin da ya fita.
Ta ce, "Baba, bara ka ce ka ci riba.
Ka manta da man injin ban-ruwa,
da kuɗin mota zuwa Mai'adua,
da ladan yaran da suka hau suka kaɗo,
da kwando bakwai da suka ruɓe a bakin tasha
ranar da duniya duka ta kawo mangwaro,
har mai taya maka yana yi yana tafiya."
Na yi shiru.
Biro ba ya jin kunyar furfura.

Mahaifina bai dasa wurin nan da igiya ba.
Gwaiba na kusa da rijiya,
lemun tsami a gefen kwari,
yazawa uku can inda yashi ya fi ƙarfi,
gwanda kuwa ita ta gayyaci kanta.
Maƙwabcina Tsalha ya sare nasa kaf,
ya zuba kankana daga iyaka zuwa iyaka.
Shekarar farko ya ɗaure shanun huɗa biyu.
Ta biyu tsutsa ta riga shi kasuwa,
ya kwance shanun, ya bi su da amalanke.
Ban yi masa dariya ba,
don na sha leƙa gonarsa ina haɗiyar yawu.

Lemun tsami bai taɓa yi mini rufin kwano ba,
amma duk Laraba masu zoɓo na jiransa a Daura,
kuma bai taɓa barin tukunyata ta kwana a kife ba.
Gwaiba ta ƙofar makaranta ce,
ɗaya-ɗaya, da kuɗin da ya ji gumin hannu.
Gwanda in ta dace da azumi sarauniya ce,
in ta saɓa, rabon awaki.
Kowanne da watansa, kowanne da mutanensa.
In wannan ya yi barci, wancan na gadi.

Da safe na ce wa Gambo,
"Shidan nan na gargajiya, masu nuna tare da na kowa,
ɗauke su, Allah ya sa ka dace.
Biyar ɗin nan 'yan aure, masu jinkiri,
sai kasuwa ta yi kewar mangwaro za su sauko.
Hajiya Ladingo mai firji ta ce a kai mata gida,
kwando biyu duk mako, ba dillali tsakani."
Ya yi dariya, ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"
Na nuna masa zauren gidana da haɓa.
Ya ƙirgo kuɗi, ya rage wani abu,
na ƙirga, na mayar masa da hannunsa aljihu,
ya cika.

Turai ta rubuta, ta ja layi.
Ta bar wani gurbi fari a ƙasan shafi,
ta ce na abin da ba mu sani ba ne.

Daren nan iska ta taso daga gabas.
Ina kwance ina jin rassa na gogar juna,
ina jin fure na zuba.
Da asuba na fita da tocila.
Ƙasa ta yi fari fat,
na duba, na sake dubawa,
ban gane nawa ba, ban gane na Gambo ba.
Na ɗaga bututu, na ta da inji,
ruwa ya fara da lemun tsami.